Akun Kakana, Ɓeran Masar, da Tarihin Yadda Aka Koyi Ciyar da Ƙananan Dabbobi

A gidan kakana akwai wani aku, irin mai launin tokar nan da jar wutsiya, wanda ya yi shekaru a keji a kusurwar falo. Abincinsa gyaɗa ce da dawa, wani lokaci a miƙa masa guntun rake. Yana ci sosai, ya iya amsa sallama, har tarin kakan namu yana kwaikwaya. Wata safiya aka tarar da shi a ƙasan keji yana jijjiga, ƙafafunsa sun sandare. Ya farfaɗo. Bayan mako biyu abin ya dawo, a karo na uku kuma bai tashi ba. Wasu a gidan suka ce baki ne ya kama shi, wasu suka ce tsufa ne. Babu wanda ya kawo zancen abinci, don tsuntsun bai taɓa barin ƙwaya ɗaya a kwano ba.

Sai da na yi nisa a karatu na ci karo da bayanin wata matsala da likitocin tsuntsaye suka san wannan nau'in aku da ita, wato faɗuwar sinadarin kalsiyam a cikin jini. Alamominta su ne abin da na gani da idona ina yaro. Na ji haushi, amma da na bi tarihin abin sai haushin ya ragu, domin su kansu masanan ba su daɗe da fahimtarsa ba. Kusan duk abin da aka sani yau game da ciyar da zomo, aku, kunkuru da ire-irensu, a makare aka san shi, kuma sau da yawa ana neman wani abu ne daban aka yi tuntuɓe da shi.

'Ya'yan zakin da ba sa rayuwa

Bari mu fara da dabbar da ba ƙarama ba, don a kanta aka fara ganin matsalar a fili. A shekarun 1880, gidan namun daji na Landan yana fama da wani abin kunya: zakanya za ta haihu lafiya, amma 'ya'yan ba sa kai ko'ina. Ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya yi laushi, su kasa tsayuwa, su mutu. Ga shi kuwa nama ake ba su, tsokar doki zalla, babu ƙashi babu kayan ciki. Wa zai ce nama bai dace da zaki ba?

Wani matashin likitan tiyata, John Bland-Sutton, wanda ke feɗe gawarwakin dabbobin gidan don gano abin da ya kashe su, ya lura cewa ciwon iri ɗaya ne da laushin ƙashin da ke addabar yaran talakawan Landan a lokacin, wanda ke sa ƙafar yaro ta yi gwame ko ta lanƙwashe kamar baka. Ya ba da shawara a ƙara wa 'ya'yan zakin dakakken ƙashi, madara, da man hantar kifi. Cikin 'yan watanni suka miƙe. Ya bayyana wannan a 1889, shekara talatin da wani abu kafin a san akwai wani abu wai shi bitamin D.

Yau mun san dalili. Zaki a daji ba tsoka kaɗai yake ci ba, yana haɗawa da ƙashi da hanta da sauran kayan ciki. Tsoka zalla tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ƙwarai, har fosfaras ɗin ya ninka shi fiye da sau goma. Jiki kuma ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya faɗi, saboda zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki. Idan bai zo daga abinci ba, sai wasu ƙananan halittu da ke wuya su saki sinadarin da zai je ya kwaso shi daga ƙashi. Dabba tana ci tana ƙoshi, ƙashinta yana zaizayewa. Ku riƙe wannan bayanin, za mu sake haɗuwa da shi.

Likitan doki ne kafin ya zama likitan dabbobi

Me ya sa likitan mutane ne ya warware wannan? Saboda aikin likitan dabbobi a wancan zamani bai shafi irin waɗannan halittu ba sam. Makarantar farko ta koyar da aikin a Turai an kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761, kuma wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, shugaban makarantar koyon hawan doki ne. Ta Landan ta biyo baya a 1791, shugabanta na farko kuwa ya yi suna ne da feɗe gawar wani shahararren dokin sukuwa mai suna Eclipse. Doki shi ne motar yaƙi da ta sufuri, shanu su ne dukiya. Abin da gwamnati za ta kashe wa kuɗi ke nan.

A ƙasarmu ma haka abin ya faro. Turawan mulkin mallaka sun fara sashen lafiyar dabbobi a Zariya, suka mayar da ɗakin bincikensa Vom kusa da Jos a 1924, kuma babban abin da ya dame su shi ne cutar bushiya, annobar da ta share garken shanun Fulani a shekarun 1890. Ba a ayyana kawar da ita daga duniya ba sai 2011. Ba laifi ba ne a fara da abin da rayuwar miliyoyin mutane ta rataya a kansa. Amma sakamakon shi ne an gina ilimin gaba ɗaya a kan doki, saniya da tunkiya.

Kare da kyanwa sun samu shiga ne bayan mota ta kori doki daga titunan Turai, likitocin birni suka rasa abin yi. A 1917 wata mata, Maria Dickin, ta buɗe wurin duba dabbobin talakawa kyauta a unguwar Whitechapel ta Landan, jama'a suka yi ta tururuwa, abin da ya nuna wa likitocin cewa akwai buƙata. Duk da haka sai 1957 likitocin ƙananan dabbobi na Birtaniya suka kafa ƙungiyarsu. Ta likitocin tsuntsaye a Amurka sai 1980. Ta masu duba zomo da ɓeraye da makamantansu kuwa sai shekarar 2000. Wato tsakanin makarantar Liyon da ranar da zomon gida ya samu ƙungiyar likitocinsa, an yi kusan shekara 240.

Ɓeran Masar da ya ceci matuƙan jirgi

Ɓeran Masar dai ba daga Masar yake ba. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa don nama, fatake suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Labarinsa shi ya fi burge ni a duk wannan tarihi.

A farkon ƙarni na 20, wata cuta ta addabi ma'aikatan jiragen ruwan Norwe, ana kiranta beriberin jirgi (ba ruwanta da 'yan'uwanmu Barebari, sunan daga Asiya ya fito). Likitoci biyu a birnin da yanzu ake kira Oslo, Axel Holst da Theodor Frølich, suka shiga bincike. Sun fara gwaji da tattabaru, sannan suka ga gara su samu dabba mai shayarwa, wadda jikinta ya fi kusa da na mutum. Suka zaɓi ɓeran Masar, suka ɗora shi a kan hatsi da burodi zalla, suna jiran beriberi. Abin da ya bayyana daban ne. Haƙora suka fara girgiɗa, jini ya taru a gaɓoɓi da haƙarƙari, ƙashi ya yi rauni, cikin kusan wata guda dabbobin suka mutu. Wannan ita ce cutar sikabi, wadda ta yi ƙarnoni tana kashe matafiyan teku. Da suka ƙara ɗanyen kabeji ko ruwan lemon tsami a abincin, ciwon bai zo ba. Suka wallafa sakamakon a 1907.

Sa'ar da suka taka ba ƙarama ba ce. Yawancin dabbobi, ciki har da kare, akuya da ɓeran gida, jikinsu ne ke haɗa musu bitamin C daga sukari, ba sa buƙatarsa a abinci. Da ɗaya daga cikinsu aka ɗauka, da ba a ga komai ba. Ɓeran Masar yana cikin 'yan tsirarun da ƙwayar gadon da ke kammala matakin ƙarshe na wannan haɗi ta lalace musu, kamar mu mutane, da birai, da jemagu da yawa. Da wannan dabba aka riƙa auna wane abinci ke hana cutar, kuma da ita aka tabbatar da sinadarin kansa a 1932, aikin Albert Szent-Györgyi da Charles Glen King.

To ga abin takaicin. Fiye da shekara ɗari bayan haka, sikabi tana nan cikin cututtukan da likitoci ke gani a ɓeran Masar na gida. Mai shi zai ba shi dusa da hatsi, ko ya sayo abincin zomo, yana ganin ai duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Zomo kuwa yana haɗa nasa bitamin C, don haka ba a damu da sa shi a abincinsa ba. Ko abincin da aka yi musamman don ɓeran Masar, bitamin ɗin da ke ciki yana lalacewa da zafi da iska da haske, cikin kamar wata uku ya ragu sosai. Ku ƙiyasta abin da zai rage a buhun da ya yi watanni a jirgi, ya zo ya zauna a shago cikin zafin bazara. Abin da dabbar ke buƙata kuwa kaɗan ne, kimanin miligiram 10 a rana ga kowane kilo na nauyinta, mai ciki kuma ninki uku. Yankan ɗanyen tattasai ko ɗan ganyen kabeji kullum ya biya.

Zomo, da abincin da ba don tsufansa aka yi ba

Zomon da muke kiwo a gida ba shi ne zomon dajinmu ba. Asalinsa yankin Sifen da Fotugal ne da kudancin Faransa, ƙasar busasshiyar ciyawa, kuma duk jikinsa a kan ciyawa aka tsara shi. Haƙoransa duka, na gaba da turame, ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaban suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako. Tauna ciyawa mai kaushi ce ke goge su daidai da yadda suke fitowa.

Cikinsa ma abin kallo ne. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba akwai wata babbar jaka cike da bakteriya masu narkar da ciyawa. Matsalar ita ce jakar tana bayan wurin da jiki ke tsotse abinci. Yadda zomo ya warware wannan shi ne yana fitar da kashi iri biyu: busasshen da muke sharewa, da wani mai laushi da yake karɓa da baki kai tsaye daga dubura ya haɗiye, abincin ya sake zagayowa. Wani likitan dabbobi Bafaranshe, Charles Morot, ya bayyana wannan a 1882, aka manta da shi, sai a 1939 aka sake gano abin aka tabbatar. Dabbar da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo, ba su san yadda take cin abinci ba.

Da masana'antu suka fara yin dunƙulallen abincin zomo a ƙarni na 20, manomin nama da ɗakin gwaji aka yi wa. Burinsu zomo ya yi ƙiba da sauri a yanka shi yana wata uku. Babu wanda ya tambayi me wannan abinci zai yi wa dabbar da za ta shekara takwas ko goma. Ga masu ajiye zomo don sha'awa kuma aka fito da wani gauraye mai launi-launi, na hatsi da busasshen wake da masara, wanda ya fi burge mai saye fiye da yadda yake amfanar mai ci. A tsakiyar shekarun 1990 wata likita a garin Harrogate na Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta lura da yawan zomayen da ake kawo mata da lalatattun haƙora, ƙurji a muƙamuƙi da idanu masu zubar ruwa. Ta bi diddigin abin da suke ci, ta gano cewa zomo tsince yake yi: ya cinye hatsi mai daɗi, ya bar ɓangaren da aka zuba kalsiyam a ciki. Ta wallafa wannan a 1996. Wani bincike na Jami'ar Edinbara da aka bayyana a 2013 ya ƙara tabbatar da illar gaurayen, har manyan shaguna a Birtaniya suka janye shi.

Har yanzu masana suna ja-in-ja a kan wanne ya fi ɓarna, ƙarancin kalsiyam ko rashin abin taunawa, amma maganin da ɓangarorin biyu suka bayar ɗaya ne: mafi yawan abincin zomo ya zama ciyawa da ingirici. A nan, a ganina, yaron da ke yanko wa zomayensa ciyawa da yaɗiya da harawar gyaɗa ya fi mai sayen buhun waje kusa da daidai. Inda muke kuskure shi ne cika musu kwano da dusa da ragowar tuwo.

Waɗannan bakteriya na cikin jakar su ne kuma suka sa magani ke zama guba. A ranar 25 ga Mayu 1940, Howard Florey da abokan aikinsa a Oksfod suka gwada fenisilin a kan ƙananan ɓeraye takwas da aka sa wa cuta. Huɗun da aka yi wa allurar suka kwana da rai, sauran huɗun suka mutu. Bayan 'yan shekaru aka gano cewa wannan magani yana kashe ɓeran Masar: yana share bakteriyar kirki da ke hanjinsa, miyagun su samu fili su yi ta zuba dafi. Haka abin yake ga zomo idan aka ɗura masa dangin fenisilin ta baki, irin su amokzisilin da ampisilin. Wannan kafso ɗin da ake ɓarewa a zuba wa kaji a ruwa, idan aka yi wa zomo haka, ana iya wayar gari da gawa bayan kwana biyu ko uku, a ce ciwon ne ya fi ƙarfin magani.

Wani abu kuma da ya sa likitancinsu ke da wuya: mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to zomo da aku ba su da wannan fuskar. Dabbobi ne da ake farauta a daji, wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, don haka suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba yana cikin haɗari, ko da yana zaune kamar lafiyarsa ƙalau.

Mu dawo kan aku

Karon farko da duniyar likitanci ta mai da hankali sosai a kan aku, tsoro ne ya jawo. A 1929 wani zazzaɓi mai kama huhu ya ɓulla a Ajantina, ya bi jiragen da ke ɗauke da tsuntsayen sayarwa zuwa Turai da Amurka. Kimanin mutum 800 suka kamu, sama da ɗari suka mutu. A Janairun 1930 Shugaba Herbert Hoover ya hana shigo da aku Amurka. A ɗakin binciken gwamnati da ke Washinton ma'aikata da dama suka kamu, ɗaya ya rasu. An koyi abubuwa da yawa game da ƙwayar cutar, wadda har yau ake kira zazzaɓin aku. Game da abin da tsuntsun ya kamata ya ci kuwa, shiru.

Aka ci gaba da ba shi ƙwaya, musamman ta sanfulawa da gyaɗa, don tana da araha, ba ta lalacewa da wuri, kuma yana sonta. Yana sonta ne kamar yadda yaro ke son alawa. Kusan rabin nauyin waɗannan ƙwayoyi mai ne, kalsiyam kaɗan, bitamin A kusan babu. Rashin bitamin A yana busar da fatar cikin baki da hanci da maƙogwaro, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, tsuntsu ya yi ta atishawa da kumburin ido. A yi ta ba shi maganin mura alhali matsalar tana cikin kwano. Ita gyaɗa tana da ƙarin nata sharrin idan ta yi fumfuna. Dafin aflatoksin da muke jin labarinsa a harkar fitar da amfanin gona, a kan tsuntsaye aka gano shi, bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil.

A farkon shekarun 1980 aka yi gwajin ciyarwa na tsanaki a kan dangin aku, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, inda Tom Roudybush ya yi aiki da wani ƙaramin nau'i ɗan Ostareliya. Daga irin wannan aiki dunƙulallen abincin aku na zamani ya fito. Kada dai a ɗauka duk abin da ya fito daga masana'anta ya kammala. A wannan jami'ar ce a 1987 Paul Pion ya gano cewa wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi masu yawa ƙarancin sinadarin taurin ne a abincin gwangwani da na buhu, masu ɗauke da tambarin cewa cikakku ne. Da kamfanoni suka ƙara sinadarin, ciwon ya ragu ƙwarai.

Akun kakana ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Gana da kudancin Najeriya zuwa Kamaru da Kongo. A can yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, yana matuƙar son jan naman kwakwar manja, wanda ke cike da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Sannan yana wuni a ƙololuwar bishiya, cikin rana. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Hanji ba ya iya tsotse kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, fata kuma tana haɗa bitamin D ne idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya taɓa ta. Tun 1919 wani likita a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara masu laushin ƙashi da fitilar da ke ba da irin wannan haske. Amma sai a shekarun 2000 wani likitan tsuntsaye a Ingila, Michael Stanford, ya nuna cewa irin wannan fitila tana ɗaga kalsiyam a jinin aku mai launin toka. Gilashin taga yana tare UVB kusan gaba ɗaya. Tsuntsun da ke falo, ko da kusa da taga yake, a duhu yake ta wannan fuska. Namu ya yi shekaru a kusurwa, kan gyaɗa, a garin da rana ta yi yawa har ana gudunta.

Wannan tsuntsu yana iya shekara 40 zuwa 60 idan ya samu kulawa. Kamun da ake yi masa don sayarwa ya sa ya kusa ƙarewa a Gana, inda wani bincike ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari tun daga 1992. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannasbag, aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Kunkurunmu a ƙasar wasu

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A shekarun 1990 aka yi yayin ajiye iguwana a Amurka, wani koren ƙadangare mai kama da damo, ana shigo da dubban ɗaruruwa kowace shekara. Ana sa su a akwatin gilashi, a ba su latas da abincin kare. Muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, ƙafafu su kumbura, ƙashin baya ya karye. Ciwon 'ya'yan zakin Landan ne ya dawo bayan shekara ɗari, a wata dabbar. 

Cikin dabbobin da wannan kasuwa ta kwasa akwai namu na Sahel. Bushiya, ita dabbar mai ƙaya ba cutar shanu ba, yau abar ado ce a gidajen Amurka da Japan, inda babbar matsalarta ƙiba ce, don dabbar da ke yin tafiya mai nisa kowane dare tana neman ƙwari an kulle ta a akwati da kwano cike. Sai babban kunkurun nan na yankinmu, wanda ake samu daga Senegal, Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, namiji yana iya wuce kilo 50, yana iya shekara 70. An yi ta fitar da shi har zuwa 2000, lokacin da Amurka ta hana shigo da shi saboda kaskar da ke jikinsa tana iya ɗauke da wata cutar shanu. Kafin nan an riga an tara isassu, yanzu a can ake ƙyanƙyasarsu.

Waɗanda aka raina a can sukan tashi da wata siffa: maimakon ƙwaryar baya ta yi sumul kamar ta na daji, kowane ɓangarenta sai ya yi tsini kamar an jera ƙananan dala. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan yawan furotin, kuma akwai dalili, don an daɗe ana ba su abincin kare, wanda ke lalata ƙodar dabbar da ciyawa ce abincinta. Sai a 2003 masu bincike biyu a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, Wiesner da Iben, suka raini 'yan kunkurun a yanayi daban-daban, suna canza yawan furotin da kuma laimar iska. Waɗanda aka ajiye a busasshen wuri su suka fi yin tsini. Laima ta fi furotin tasiri.

Kuskuren ya samo asali ne daga taswira. An duba an ga dabbar 'yar bakin hamada ce, sai aka yi mata akwati mai yashi da fitila mai zafi, busasshe ƙarau. Wanda ya san Sahel ya san ba haka kunkuru ke rayuwa ba. Rami yake haƙawa mai zurfin mitoci, ya shige ya wuce zafin rana da tsananin rani a ƙasa mai sanyi da danshi. 'Ya'yansa kuma da damina suke fitowa, lokacin da ciyawa ta yi kore, ƙasa ta jiƙe, kuma a ƙarƙashin ciyawar suke ɓuya. Watannin da ƙwaryarsu ta fi saurin girma su ne watannin da suka fi kowanne laima. Tun bayan wannan bincike masu kiwonsu a Amurka da Turai suka koma jiƙa 'yan kunkurun a ruwa mai ɗumi, suna sa musu maɓoya mai danshi a cikin akwati, wato suna ƙoƙarin ƙirƙirar ramin Damagaram na watan Agusta a ɗakin kwana.

Ana sayar da su a can suna kamar tafin hannun yaro. Bayan shekara goma dabbar ta fi ƙarfin ɗauka, tana ture katangar lambu tana haƙa rami a ƙarƙashin gida, shi ya sa wuraren ceton dabbobi a jihohi masu zafi kamar Arizona suka cika da su. A garuruwanmu kuwa akwai gidajen da kunkuru ya ga kaka ya ga jika a tsakar gida ɗaya, yana kiwon ciyawar gindin rijiya, yana shan hantsi, ya haƙa raminsa a bayan rumbu, ƙwaryarsa sumul. Na fara ganin hotunan 'yan ƙanana a shafukan masu sayar da dabbobin ado na biranenmu, cikin akwatin gilashi, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da yankan latas a gabansu.